Kashi Sittin Cikin Ɗari

Litinin, 22 ga Afrilu, 5:40 na yamma

Taransifomar injin casar shinkafa na Argungu ta ƙone yau, ƙarfe biyu da kwata na rana. Tamba, mai kula da injinan, shi ya kira ni. Ya ce ta yi ƙara sau ɗaya, mai ya zubo, hayaƙi ya tashi. Ba wanda ya ji rauni. Akuyar maigadi ta tsinke igiya, har yanzu ana nemanta.

Wata uku ke nan da kafa ta. Mai ƙarfin kVA ɗari biyu. Ni na yi lissafin girmanta da na janareta, Malam Atiku ya sa hannu ya buga hatiminsa, don shi ke da lasisi. Shekara shida nake aiki a ƙarƙashinsa, tun da na gama kwalejin fasaha.

Ma'aunin zafi na bakin taga ya nuna 44. Na ci tuwo, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Talata, 23 ga Afrilu, 7:10 na safe

Na ɗauko takardar na sake bi.

Injina tara ne, jimlarsu kilowat ɗari biyu. A raba da 0.8, a samu kVA ɗari biyu da hamsin. Littafi ya ce a masana'anta ba a kunna komai lokaci ɗaya, don haka a ɗauki kashi sittin cikin ɗari: ɗari da hamsin. A ƙara kwata saboda gaba: ɗari da tamanin da bakwai da rabi. Wadda ta fi kusa a kasuwa ita ce ɗari biyu. Janareta ma haka.

Na bi da biro, na bi da waya. Lissafin daidai yake.

Talata, 6:15 na yamma

Mun je Argungu ni da Malam, a tsohuwar motarsa, ni ke tuƙi saboda idonsa. Tun daga Birnin Kebbi har muka isa bai ce komai ba sai "rage gudu" sau biyu.

Injin na ƙungiyar mata masu gumin shinkafa ne, su sittin da wani abu. Shekara da shekaru suna aiki da tsofaffin injinan gas a wannan rumfar, bara suka yi shawarar komawa lantarki. Shugabarsu Hajiya Baiwa, gajeruwar mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Mun same ta tsaye a gindin taransifomar, ta riƙe ƙugu. Bayanta shinkafa shanshera ce shimfiɗe a kan tamfol har bakin hanya, wadda aka jiƙa aka turara, tana jiran inji. Yanzu ne ake girbin rani, buhu na shigowa ba ƙaƙƙautawa.

Ba ta amsa gaisuwa da kyau ba. Ta ce, "Malam Atiku, ku munka ba amana. Mutane nawa sunka ce mu ɗauko injiniya daga Kaduna, nic ce a'a, muna da namu na gida. Diba abin da namu na gida yay yi muna."

Malam ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce, "Hajiya, ni nis sa hannu. In da laihi, nawa na."

Ina tsaye kusa da shi da jakar kayan aiki. Na duba lambar da ke jikin taransifomar na rubuta, ko da yake na san ta a ka.

Ta ce ƙungiya za ta zauna Asabar 11 ga Mayu, bayan an ɗan rage aikin girbi. A nan za a yanke ko Malam zai ci gaba da aikinsu, ko a sallame shi a kai ƙararsa ga ƙungiyar masu aikin lantarki. Kafin nan za su lallaɓa da janareta.

Shekara talatin da takwas Malam yana wannan sana'a. Ba a taɓa kai ƙararsa ko'ina ba.

Laraba, 24 ga Afrilu, 1:00 na rana

Zafi 45. Ban fita ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu, 4:30 na yamma

Tamba ya kira. Janareta ma yana mutuwa. Na tambaye shi yaushe, ya ce da rana. Na ce ya duba matatar mai. Ya ce ya duba. Na ce ya sake dubawa.

Matata Ummu Hani ta tambaye ni me ya sa nake magana da mutane a waya kamar ɗan sanda. Na ce aiki ne. Ta ce, "To, Injiniya," ta ci gaba da tsince wake. Idan ta kira ni Injiniya da wannan muryar, ba yabo ba ne.

Juma'a, 26 ga Afrilu, 3:20 na yamma

Bayan Juma'a na tsaya wurin mai lemo. Ana maganar, ba su lura da ni ba, ko sun lura sun ga ba komai. Wani ya ce tsufa ne, ido ya tafi, mutumin da ba ya ganin lambar mota yaya zai ga lambar taransifoma. Wani ya ce ai tun zamanin fitilar ƙwai Malam ya koyi aiki. Aka yi dariya. Kalilu mai walda, wanda Malam ya ja wa wuta shagonsa kyauta shekarun baya, shi ya fi kowa dariya.

Wani ya juyo ya ce mini, "Kai dai Muhaimin ka yi ta haƙuri, da kai anka bar ma aikin da ba a yi hakanga ba."

Na ce Allah ya kyauta. Na shanye lemona.

Asabar, 27 ga Afrilu, 8:00 na safe

Lissafin daidai yake. Na nuna wa wani abokina da ke koyarwa, ban faɗa masa na ina ba ne. Ya ce shi ma haka zai yi.

Lahadi, 28 ga Afrilu, 5:50 na yamma

Masu famfunan ban ruwa na Zauro sun aiko wa Malam cewa ya dakata da aikinsu tukuna. Tukuna. Shekara goma sha ɗaya yana yi musu.

Na same shi a zaure yana warware tsohuwar waya yana naɗewa, aikin da ba ya buƙatar ido. Ya ba ni labarin kamar na wani ne. Sannan ya tambayi lafiyar Ummu Hani da yarinya. Na ce lafiya lau.

Akwai wata Laraba a watan Disamba. Zan rubuta ta, amma ba yau ba.

Litinin, 29 ga Afrilu, 12:30 na rana

An samo akuyar maigadi, a bakin gulbi.

Talata, 30 ga Afrilu, 6:40 na yamma

Malam yana da doka ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san ta. Ba a lissafa wa wuri wuta sai an wuni a wurin. Daga buɗewa har rufewa, ka zauna, ka yi shiru, ka kalli yadda mutane ke aiki. Shi bai yi makaranta mai zurfi ba. Mu da muka yi, mukan yi wa dokar dariya a bayan idonsa, muna cewa Malam yana auna wuta da zaman tabarma.

A Disamba, kafin lissafin Argungu, ya ce mini, "Ka tahi ran Laraba ka wuni can. Kak ka rubuta komi sai ka ga aikinsu da idonka."

Ran Alhamis na kawo masa takarda. Ya tambaye ni, "Ka wuni?" Na ce na wuni. Ya ce in karanta masa lambobin. Na karanta. Ya sa hannu.

Jerin injinan Tamba ne ya karanto mini ta waya, minti bakwai. Inda na je ranar Larabar ba na wannan littafin ba ne. Ba wurin banza ba ne, ba kuma wurin da ya kai a yi wa dattijo ƙarya saboda shi ba.

To, na rubuta. Ban ji wani sauƙi ba.

Laraba, 1 ga Mayu, 10:00 na safe

Malam ya kira. Ya ce janaretan Argungu ya mutu jiya sau biyu, in je gobe in wuni, in zo masa da abin da na gani. Ya faɗa da murya iri ɗaya da ta Disamba, kalma iri ɗaya.

Alhamis, 2 ga Mayu, 7:30 na yamma

Na wuni.

Na isa bakwai saura. Na maƙala mitar awon wuta a babbar wayar da ta fito daga janareta, na sami buhu na zauna a kai. Zan rubuta abin da na gani a jere.

Da safe suna farawa ɗaya bayan ɗaya, don ba tare suke isowa ba. Mai injin ɓare ɓuntu ya zo ya kunna nasa, mai gogewa ya zo daga baya, mai tsince tsakuwa sai da ya sha kunu. Lafiya lau. Amma kafin ƙarfe goma duka tara suna son aiki. A lokacin girbi babu injin da ke hutawa, kowace mace tana tsaye a kan buhunta tana kallon na gabanta. Tamba sai ya riƙa kashe na busarwa don janareta ya numfasa, mata su yi masa caa. Na tambaye shi lokacin da taransifoma ke nan fa? Ya ce duka tara, daga goma har Magariba. Amfiya ɗari uku da arba'in ke nan da ɗoriya, a kan abin da aka ƙera don ɗari biyu da saba'in da takwas, a cikin ranar da ƙarfe ba ya taɓuwa. Kashi sittin ɗin da na ɗauko daga littafi, a rumfar nan kashi ɗari ne.

Wannan ɗaya ke nan.

Biyu saura kwata aka kira Azahar a ɗan masallacin da ke jikin katanga. Kowa ya kashe injinsa. Wurin ya yi tsit, har ana jin kaji suna tsattsagar ɓuntu. Na bi su muka yi salla. Aka sallame, aka yi addu'a, aka tashi tare, aka sa takalmi tare, aka shigo rumfa tare ana hira. Kowa ya tsaya gaban injinsa. Suka danna makunni, kusan a numfashi ɗaya.

Inji in zai tashi yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya kama gudu. Wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Tara a tare. Lambar mita ta haura dubu, daga nan ta daina nuna komai. Janareta ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Na duba agogo: biyu da kwata.

La'asar ma haka, ba bambanci.

Babu littafin da na karanta da ya ce ma'aikata tara za su bar injinansu lokaci ɗaya su dawo lokaci ɗaya sau biyu a wuni. Wanda ya rubuta littafin bai yi sahu da su ba. Ni da nake salla sau biyar a rana, ban buƙaci littafi ba. Wuni ɗaya a kan buhu kawai.

Bayan La'asar Tamba ya ja ni bayan ɗakin janareta. Babban mutum ne, ya girme ni da shekara goma, amma yana murza hannu. Ya ce, "Injiniya, akwai abin da ban hwaɗi ba. Tun watan jiya fiyus shina ƙonewa bayan Azahar. Na canza, na canza, har sunka ƙare. Mata na bisa kaina. Sai nis sa wayar tagulla mai kauri. Daga nan bai sake yankewa ba."

Bai sake yankewa ba, sai taransifomar ta yanke a madadinsa.

Ya ce, "Kwana goma ban barci. Ka ga dattijon ga ana zagin shi, ni kau na san abin da niy yi." Ya faɗe shi a tsaye, cikin minti ɗaya, ga mutumin da bai kai shi shekaru ba. Na ce masa kada ya damu, za a duba. Na ji kunya ƙwarai, kuma ba tasa ba.

Na dawo gida Ummu Hani ta toshe hanci tun daga ƙofa. Ta ce in cire kayan a waje, warin jiƙaƙƙiyar shinkafa kamar na kwana a cikin tukunya. Ɓuntu har cikin kunne, wuyana sai ƙaiƙayi.

Juma'a, 3 ga Mayu, 5:00 na yamma

Na kai wa Malam rahoto: amfiya, lokaci, salla, waya. Duk abin da na gani jiya. Abin da ban gani ba a Disamba ban ambata ba.

Ya saurara idonsa a rufe. Da na zo kan Azahar ya yi murmushi, na farko tun ranar da abin ya faru. Ya ce, "Allah Sarki. Jam'i ya yi musu daɗi har sun kai shi ga inji."

Na ce akwai na'urar jinkiri da ake sa wa kowane inji don su tashi bi da bi, amma sai an aiko daga Kano, mako biyu ko uku. Ya ce shinkafa ba ta san mako biyu ba. Ya tambaye ni daƙiƙa nawa babban inji ke ɗauka kafin ya kama gudu. Na ce ashirin, a ce talatin don a huta.

Ya ɗaga carbinsa. "Kowa na da wanga cikin aljihu. Babban inji shi fara. Na biyu shi ja talatin da uku kahin shi danna. In ya danna, na uku shi fara nashi. Ba mai rantse maka ya ƙirga daƙiƙa, amma wanga ba su ha'intar shi."

Na auna da agogo a hanyar gida. Talatin da uku, ba gaggawa, daƙiƙa talatin da ɗaya.

Asabar, 4 ga Mayu, 6:00 na yamma

Na koma Argungu na jera su. Mai gogewa, mai ɓarewa, sauran bi da bi. Na busarwa da famfo ɗaya sai sun karɓi juna, don janaretan ba zai ɗauki tara ba ko da lallashi. Na cire wayar Tamba na sa a aljihu.

Azahar: bai mutu ba. La'asar: bai mutu ba. Minti huɗu da wani abu kafin na ƙarshe ya tashi, maza tsaye gaban injina kowa leɓe na motsi. Hajiya Baiwa ta kalla ta ce, "Wanga dubara taka ta, Injiniya?" Na ce ta Malam ce. Ta ce, "Hm. Da ya yi ta tun hwarko."

Lahadi, 5 ga Mayu, 9:00 na safe

Sabon lissafi. kVA ɗari biyu da hamsin, kashi ɗari cikin ɗari, ba ragi. A ƙara saboda zafin Afrilu. Taransifoma ɗari uku. Janareta ɗari uku da hamsin in ana son tara su yi aiki, da sharaɗin tashi bi da bi. Fiyus na gaskiya, da guda shida a ajiye a akwati.

Layi biyar. Wancan ma layi biyar ne.

Talata, 7 ga Mayu, 4:10 na yamma

Hajiya ta ce in rubuta wa taron Asabar bayanin abin da ya jawo gobarar. Na rubuta sau uku.

Na farko ya ce ma'aikata suna kunna injina lokaci ɗaya. Gaskiya ne.
Na biyu ya ƙara da cewa an sa waya a gurbin fiyus. Gaskiya ne. Da wannan Tamba zai tafi, Malam ya sha da ƙyar, a ce dai tsufa ya sa bai hango ba.
Na uku na fara shi da "A watan Disamba", na tsaya.

Duka ukun suna cikin jaka, tare da wayar.

Laraba, 8 ga Mayu, 2:15 na rana

Biyu da kwata. Na lura kwanan nan duk inda nake sai na duba agogo a wannan lokacin.

Alhamis, 9 ga Mayu, 7:00 na yamma

Ummu Hani tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ran da kac ce ka wuni Argungu cikin sanyi, ban wanke kaya masu wari ba."

Na ce ta tuna da kyau? Ta ce ita ke wanki.

Ta ce, "Malam shi yay yanka ragon sunan ɗiyarmu Rukayya, ka tuna?" Na ce na tuna. Ta ɗauki kayan ta shiga ɗaki.

Ina tsoro. In na faɗa, ba mai sake ba ni lissafi a garin nan, labari zai riga ni isa Birnin Kebbi. In ban faɗa ba, Malam zai rufe shekara talatin da takwas da takardar ƙara. Na jera su gefe da gefe kamar lissafi, na ga ba sai an raba da komai ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, 6:30 na safe

Zafi ya ɗan sauka. Hadari ta gabas, bai zubo ba.

Asabar, 11 ga Mayu, 6:50 na yamma

An yi taron a rumfar, ƙarfe goma. Mata a kan tabarmi da buhuna, mu a kan benci. Wakilin ƙungiyar masu lantarki ya zo, Malam Nu'uman, da littafinsa a cinya. Malam Atiku ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

Hajiya ta ce in karanta. Na tashi da takarda ta biyu a hannu. Na ga Tamba a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, ya riga ya shirya. Na ninke takardar.

Abin da na ce bai kai minti biyu ba. Na ce taransifomar ta yi ƙanƙanta, kuma ni na zaɓi girmanta. Na ce Malam ya aiko ni in wuni a nan kafin in yi lissafi, ban zo ba, na karɓi jerin injina ta waya, na koma na ce masa na zo. Na ce da na zo da na ga abin da na gani ran Alhamis, da ɗari uku na rubuta. Na ce fiyus ya yi ta ƙonewa ne saboda lissafina, wanda ya sa waya ya yi kuskure, amma ni na kai shi ga hakan.

Murya ta fito daidai, kamar ina karanta lambar mita.

Aka ɓarke gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, yaron kirki da shi!" Hajiya ta ɗaga hannu. Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Kwana ashirin kana tsaye kusa gare shi ana ci mai mutunci. Kwana ashirin." Goma sha tara ne, amma ba wurin gyara lissafi ba ne.

Ta juya ga Malam, muryarta ta sauka, abin da ban taɓa ji ba. Ta ce, "Malam, ku gahwarce mu." Ya ce ba komai, shi ma yana da nasa kason, tunda hatimi nasa ne.

Hukunci: Malam ya ci gaba da aikinsu, shi zai tsaya a kan sabuwar taransifoma. Ba ƙara. Tamba an ja masa kunne. Ni kuma kada in sake taɓa ko ƙwan fitila a rumfar. Malam Nu'uman ya rubuta wani abu a littafinsa, ban tambaya ba.

A hanyar dawowa ni ke tuƙi. Mun wuce gonakin shinkafa, an yanke rabi. Na ce, "Malam, ku yafe mani."

Ya ce, "Rage gudu." Na rage.

Ya ce, "Muhaimin, wanda yaw wuni injin shinkahwa, tun daga zaure a ka jin shi. Ran da kak kawo man takarda, turare ɗai nij ji."

Na kusa sauka daga titi. Na ce to me ya sa ya sa hannu?

Ya ce, "Na tambaye ka, ka ce ka wuni. Shekara shida ba ka taɓa yi man ƙarya ba. In nic ce ban yarda ba, da wane ido za mu sake kallon juna? Sai nic ce bari in bi bakinka in bar hancina. Shi na kason da nic ce ina da shi."

Ya sani tun Disamba. Ya tsaya gaban Hajiya ya ce laifin nasa ne, ya ji abin da ake faɗa a gari, ya rasa Zauro, bai taɓa ko kallona da wata fuska ba. Na tsayar da mota a gefen hanya. Ya jira ni har na gama kuka, yana jan carbi, sannan ya ce mu tafi kada La'asar ta wuce.

Litinin, 13 ga Mayu, 11:00 na safe

Labari ya riga ni, kamar yadda na lissafa. Wannan lissafin kam ya fita daidai. Kalilu mai walda ya ga ni ya shige shago. Mai lemo ya ba ni lemo ya juya ga wani.

Mutanen Zauro sun aiko wa Malam ya dawo.

Alhamis, 16 ga Mayu, 3:00 na yamma

Ba aiki. Na gyara fankar ɗaki, wadda Ummu Hani ke magana tun bara.

Lahadi, 19 ga Mayu, 5:30 na yamma

Malam ya aiko a kira ni. Wani a Augie zai kafa ƙaramin injin casa, yana son a faɗa masa girman taransifoma da janareta. Na ce Malam, mutumin ya san ni ne kuwa? Ya ce ya sani, shi ya faɗa masa da bakinsa, kuma ya ce masa in ba ni ba to ya nemi wani dattijon.

Ya ce, "Laraba."

Laraba, 22 ga Mayu, 7:15 na yamma

Augie. Na isa shida da rabi, na bar wurin bayan sun rufe. Injina huɗu. Suna da famfon da ba a faɗa ba a waya, kuma maƙwabci mai niƙa ya riga ya sa rai za a ja masa wuta. Na sa duka a lissafi. Su ma tare suke dawowa daga salla.

Ban biya gida ba, na wuce wurin Malam kai tsaye. Yana zaure. Na yi sallama, na durƙusa, na miƙa takarda. Bai karɓa ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Ya miƙo hannu ya cire hulata, ya juya ta, ya kaɗa a kan tabarma. Ɓuntu ya zubo. Ya bi shi da yatsa, ya murza.

Ya mayar mini da hular a kai, ya gyara mata zama. Ya ce, "Karanta man lambobin."